Tsofaffin faya-fayan jazz da alaƙarsu da Zariya

Daga shekarar 1981 zuwa 1985, ɗaya daga cikin fitattun masu busa saksafon na ƙasar Amurka, Yusef Lateef, ya zauna a Zariya yana aikin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello.

A wannan zama nasa ya ɗauki faya-fayai biyu tare da makaɗan Najeriya. Masu tara tsofaffin faya-fayan jazz a Turai da Amurka da Japan sun san su, suna kuma nemansu. To amma a arewacin Najeriya, inda tushen aikin yake, da wuya a ji wani ya ambace su.

Labarin waɗannan faya-fayai biyu shi ne hanya mafi kusa da mai sauraro Bahaushe zai bi ya fahimci kiɗan jazz, da dalilin da ya sa mutane ke kashe dukiya wajen tara faya-fayansa, da kuma abin da ke samun irin wannan kaya idan aka bar shi a hannun zafi da ƙura.

Asalin kiɗan da abin busar

Jazz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ya haɗa waƙoƙin coci, da waƙoƙin ƙunci da ake kira blues, da kiɗan badujala irin na soja.

Faifan farko da aka sayar da sunan jazz an ɗauke shi ne a watan Fabrairun 1917 a New York. Abin mamaki, makaɗan da suka yi shi Turawa ne, ƙungiyar Original Dixieland Jass Band.

Ita kuwa saksafon ta girmi kiɗan da kusan shekara 60. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙera ta, ya kuma yi mata rajista a birnin Paris a 1846, da nufin a yi amfani da ita a badujalar soja. Daga sunansa ta samo nata sunan.

Jikinta na tagulla ne, amma muryarta daga wani siririn tsagin kara take fitowa, wanda ake ɗaurawa a bakinta. Ta nan ta yi dangantaka da algaita. Bambancin shi ne karan algaita tsagi biyu ne da ke kaɗawa da juna, na saksafon kuwa guda ɗaya ne.

Iri huɗu aka fi amfani da su. Akwai sofrano mai siririyar murya, da alto, da teno, sai bariton mai kaurin murya. Akasarin sunayen da masu tara faifai ke girmamawa masu busa alto ne ko teno.

Gwanayen da ake nema

Faya-fayan garmaho na farko, masu juyawa sau 78 a minti ɗaya, ba sa ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska. Dole ne makaɗi ya faɗi duk abin da ke bakinsa a cikin wannan ɗan lokaci.

A cikin irin wannan minti uku ne Coleman Hawkins ya busa Body and Soul a watan Oktoban 1939. Ya ɗan taɓa karin waƙar a farko, daga nan ya sake ta ya shiga gina nasa a kan turakunta har ƙarshe. Masana na ɗaukar wannan faifai a matsayin wanda ya tabbatar wa saksafon teno matsayinta, bayan an daɗe ana yi mata kallon abin raha.

Muryar Hawkins mai kauri ce da nauyi. Takwaransa Lester Young, wanda ya yi suna a ƙungiyar Count Basie tun daga 1936, ya bi wata hanya dabam: busa mai taushi, maras gaggawa, kamar mai magana a hankali da dare. Kusan duk masu busa teno da suka biyo baya, ko dai sun bi ɗaya daga cikin biyun, ko sun gauraya su.

Sai Charlie Parker, mai busa alto, wanda tare da Dizzy Gillespie suka fito da salon bebop a tsakiyar shekarun 1940, salo mai tsananin sauri da sarƙaƙiya. Faifansa Ko-Ko na watan Nuwamban 1945 shi ake fara nuna wa mai son sanin salon. Miyagun ƙwayoyi da barasa suka cinye shi, ya mutu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawarsa kuma ya zaci ya haura 50.

Son da mabiyansa suka yi masa ya kai inda wani matashi mai suna Dean Benedetti ya riƙa binsa wuraren wasa da na'urar ɗaukar murya a 1947 da 1948. Yakan kunna ta idan Parker ya fara busa, ya kashe da zarar ya tsaya, domin kada ya ɓata faifai a kan sauran makaɗan. Sai a 1990 kamfanin Mosaic ya fitar da abin da ya tara.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda ke ɗaukar fiye da minti 20 a fuska ɗaya. Wannan ya kwance wa makaɗa dabaibayi. Shekarun da suka biyo baya, musamman daga 1955 zuwa 1965, su ne masu tara faifai suka fi ƙwallafa rai a kansu.

A wannan zamani Sonny Rollins ya fitar da Saxophone Colossus, wanda aka ɗauka a 1956. Shi ne kuma ya tsara wani kiɗa mai suna Airegin, wanda ya ɗauka tare da Miles Davis a 1954. Duk wanda ya karanta sunan daga dama zuwa hagu zai ga Nigeria ne aka juya.

John Coltrane ya fi kowa tasiri a cikinsu. Bayan ya rabu da ƙwaya da barasa a 1957, ya fitar da Blue Train da Giant Steps, sannan a watan Disamban 1964 ya ɗauki A Love Supreme, kiɗa mai kashi huɗu da ya ce godiya ce ga Ubangiji. Aminin Babatunde Olatunji ne, makaɗin ganga ɗan Najeriya da ke zaune a New York, kuma wasansa na ƙarshe da aka samu a faifai ya yi shi ne a cibiyar Olatunji da ke unguwar Harlem a watan Afrilun 1967. Ya rasu a watan Yulin wannan shekara yana da shekara 40.

Wane ne Yusef Lateef?

An haife shi ranar 9 ga watan Oktoban 1920 a Chattanooga ta jihar Tennessee, sunansa na yanka William Emanuel Huddleston. Ya tashi a birnin Detroit. A 1949 yana cikin ƙungiyar Dizzy Gillespie.

A ƙarshen shekarun 1940 ya shiga Musulunci ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, ya sauya suna, kuma yana tare da ita har ƙarshen rayuwarsa. Ba shi kaɗai ba ne a lokacin. Makaɗin ganga Art Blakey ya zama Abdullah Ibn Buhaina, akwai mai busa saksafon Sahib Shihab, da mai kaɗa piyano Ahmad Jamal. Masana tarihi na cewa ban da neman abin dogaro na ruhi, wasu daga cikinsu sun ga sabon suna wata hanya ce ta tuɓe sunan da iyayengijin bayi suka laƙaba wa kakanninsu, a zamanin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a Amurka.

Tun daga faya-fayansa na farko a kamfanin Savoy a 1957, Lateef ya bambanta da sauran. Ban da saksafon teno, yana busa sarewa, da obo, wadda za a iya kira algaitar Turawa, da wasu abubuwan busa na Larabawa da Indiyawa. A faifansa Eastern Sounds na 1961, wanda ya fi kowanne shahara, har wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya busa.

Alaƙarsa da makaɗan Najeriya ta riga zuwansa ƙasar da shekara 20. Ya yi busa a faifan Olatunji mai suna Zungo, haka kuma yana cikin faifan Art Blakey mai suna The African Beat na 1962, tare da Solomon Ilori, wani makaɗin Bayarabe. Daga 1962 zuwa 1964 yana ƙungiyar Cannonball Adderley.

Mutum ne mai neman ilmi. A 1975 ya sami digirin dakta a Jami'ar Massachusetts, inda ya rubuta kundinsa a kan tsarin ilmin Yammacin Turai da na Musulunci. Ya ƙi jinin kalmar jazz, yana ganin akwai ƙasƙanci a asalinta, ya kuma ƙirƙiro wa kiɗansa wani dogon suna da ke nufin abin da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mutum. A farkon shekarun 1980 ya daina wasa a gidajen rawa inda ake sayar da barasa, duk da cewa a nan ne mafi yawan makaɗan jazz ke samun abincinsu.

Shekaru huɗu a Zariya

Yana da kimanin shekara 60 ya iso Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Babban abin da ya duƙufa a kai shi ne sarewar Fulani makiyaya. Ya kuma koyar, ya yi aiki da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo na cibiyar.

Abin lura a nan shi ne yadda tafiyar ta kasance. Yawancin makaɗan Amurka da suka zo Najeriya a wancan zamani wasa suka zo yi su wuce. Alal misali Louis Armstrong ya zo a 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna. Shi kuwa Lateef zama ya yi, ya ɗauki darasi daga masu sarewar kara.

Abubuwa uku suka fito daga wannan zama.

Na farko shi ne faifan Hikima, wanda ita cibiyar da kanta ta fitar a Najeriya a 1983. Da yake ba wani babban kamfani ne ya buga shi ba, bai yaɗu ba, ya kuma zama ɗaya daga cikin faya-fayan Lateef mafiya wuyar samu, har sai da aka sake buga shi a ƙasar waje a 2019.

Na biyu shi ne In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983, kamfanin Landmark na Amurka ya fitar da shi a 1985. Babu piyano a cikinsa. Busar Lateef ce kawai a kan ganguna da muryoyin makaɗan Najeriya. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen sunansa Drama Village, wato dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, wani kuma an rubuta shi a bangon faifan Ruwa Maizurufi, wato ruwa mai zurfi.

Na uku littafi ne, Hausa Performing Arts and Music, wanda suka rubuta tare da Ziky Kofoworola, aka buga a Legas a 1987. Har yanzu masu nazarin kiɗan Hausa na ambatonsa.

Bayan ya koma Amurka ya ci gaba da koyarwa a jihar Massachusetts. Faifansa na 1987, Yusef Lateef's Little Symphony, ya sami lambar Grammy, kuma a wani rukuni da ba na jazz ba, abin da ya yi daidai da ra'ayinsa game da kalmar. A 1992 ya kafa kamfaninsa na faifai, YAL. Ya rasu ranar 23 ga watan Disamban 2013 yana da shekara 93.

Yadda ake sauraro

Koken da aka fi ji daga wanda ya fara jin jazz shi ne ba shi da kai, ba shi da gindi, kuma babu waƙa. Gaskiya ne yawancinsa babu baiti, amma akwai tsari.

Da farko dukkan makaɗan kan kawo taken, wato karin da aka san kiɗan da shi. Taken yana tafiya ne a kan wani zagaye mai ƙayyadadden tsawo, galibi gaɓa 12 ko 32. Idan aka gama shi, mai piyano da mai babban goge da mai ganguna su ci gaba da maimaita zagayen, su kuma masu busa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙirƙirar nasa nan take. A ƙarshe a koma kan taken a rufe.

Wanda ya saba da sauraron Mamman Shata ya riga ya san wannan tsari. Amshi na nan daram, masu kalangu na riƙe da kari, shi kuwa Shata yana zuba sababbin ɗiyan waƙa yadda lokaci da wuri suka ba shi. Shi ya sa waƙa ɗaya kan zo da fuska dabam-dabam a kaset dabam-dabam. Haka abin yake a jazz, sai dai saksafon ce ke tsaye a matsayin bakin mawaƙi.

Wannan ne ma tushen sha'awar tarawa. Tun da ba a busa abu ɗaya sau biyu, kowane ɗauka abu ne da ya faru sau ɗaya tak. Kamfanoni kan fitar da ɗauka na biyu da na uku na kiɗa guda, mutane kuma su saya domin su ji inda makaɗin ya sauya shawara.

Masu sauraro na ƙwarai sun fi mai da hankali ga murya kafin sauri. A cikin daƙiƙa kaɗan sukan gane Hawkins ne ko Young, kamar yadda ake gane muryar Narambaɗa daga ta Ɗanƙwairo. Daga nan sai numfashi: inda mai busa ya tsaya, da tsawon abin da ya faɗa kafin ya tsaya. Dabarar nan ta masu algaita, ta cika kumatu da iska a riƙa shaƙa ta hanci ba tare da busa ta yanke ba, akwai masu saksafon da suka ƙware a kanta, kamar Rahsaan Roland Kirk.

Ga mai farawa, Eastern Sounds ya fi sauƙin shiga kunne fiye da Ko-Ko. Ayyukan Coltrane na shekarunsa biyu na ƙarshe kuwa, ko a cikin masoyansa akwai waɗanda ba su iya jure musu.

Abin da masu tarawa ke dubawa

A kasuwar tsofaffin faya-fayai, bugun farko shi ne sarki. Sunan da ya fi tsada kuwa shi ne Blue Note, kamfanin da Alfred Lion, wani Bayahude da ya baro Jamus, ya kafa a New York a 1939, daga baya abokinsa Francis Wolff ya zo suka haɗu.

Mafi yawan faya-fayan kamfanin na wancan zamani mutum ɗaya ne ya ɗauke su, Rudy Van Gelder. Sana'arsa ta asali gwajin ido ce da yanka tabarau, kuma a falon gidan iyayensa da ke Hackensack a jihar New Jersey ya riƙa ɗaukar makaɗa, kafin ya gina wurin aikinsa a Englewood Cliffs a 1959.

Mai saye yakan karkata faifai ga haske ya duba filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Yana neman haruffan RVG, da wata 'yar alama mai kama da kunne, ta masana'antar Plastylite da ta riƙa buga wa kamfanin faifai har zuwa 1966. Yakan kuma karanta adireshin da ke kan takardar, domin adireshin Lexington Avenue ya girmi na West 63rd Street, shi kuma ya girmi wanda aka rubuta New York USA kawai.

Waɗannan ƙananan alamomi na iya ninka farashi sau da yawa. Faifan mai busa teno Hank Mobley mai lamba 1568, na 1957, wanda kaɗan aka buga, ana sayar da bugunsa na farko dubban daloli. Shi kansa Mobley ya mutu cikin talauci a 1986.

Bayan asali sai lafiyar faifan: ko ya karce, ko ya lanƙwashe, ko bangonsa ya yage. Shafin intanet na Discogs, wanda aka kafa a 2000, ya tattara bayanan bugu dabam-dabam da farashin da aka sayar da su, don haka yanzu mai sayarwa na iya sanin darajar abin da ke hannunsa kafin a taya.

Kasuwar ba ta mutu ba kamar yadda aka zata da zuwan CD a 1982. A 2022 yawan faya-fayan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Sai dai a gaskiya, neman bugun farko ya fi kusa da tara kayan tarihi fiye da sauraron kiɗa. Busar da ke cikin faifan dubban daloli ita ce a sabon bugu, ita ce a CD, ita ce kuma a wayar hannu. Wanda ke karɓar albashi da naira ba ya asarar kome idan ya tsaya a nan.

Inda maganar farashi ta shafi 'yan Najeriya kai tsaye shi ne ɓangaren sayarwa. Tun daga farkon shekarun 2000, masu farautar faifai daga Turai ke shigowa Afirka ta Yamma suna sayen abin da kamfanonin EMI da Decca da Polygram suka buga a shekarun 1960 da 1970. Ban da faya-fayan Fela Kuti da Orlando Julius, waɗanda duka masu busa saksafon ne, arewa ma ta shiga ciki. Tarin Nigeria 70 da kamfanin Strut na Landan ya fitar a 2001 na ɗauke da Ikon Allah na Bala Miller da ƙungiyarsa ta Kaduna, da kuma wani kiɗa na Sahara All Stars ta Jos.

Ana iya kallon wannan ta fuska biyu. Sake bugun ya raya sunayen da aka manta. Amma kuma duk faifan da ya fita, ya fita ke nan, kuma sau da yawa mai shi bai san abin da ya sayar ba.

Abin da ya salwanta, da abin da aka tsinta

Ko a Amurka ba a tsira daga asara ba. A watan Yunin 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya na kamfanin Universal a jihar California. A 2019 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa asalin zaren ɗaukar murya masu ɗimbin yawa sun ƙone, har da na kamfanonin da suka yi aiki da manyan makaɗan jazz. Kamfanin ya ce an zuzuta girman asarar.

Wasu abubuwan kuwa sa'a ce ta cece su. A 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ci karo da zaren wani wasa da Coltrane ya yi tare da mai piyano Thelonious Monk a watan Nuwamban 1957. Gidan rediyon Muryar Amurka ne ya ɗauka, aka ajiye, aka manta kusan shekara 48.

Haka kuma wani aiki da Coltrane ya ɗauka a watan Maris na 1963, wanda asalinsa ya ɓace a hannun kamfani, ya fito a 2018 da sunan Both Directions at Once. An same shi ne domin Van Gelder ya ba Coltrane kwafi ya tafi da shi gida, iyalan matarsa ta fari, Naima, kuma suka adana.

Zafi, ƙura da gara

Faifan roba ba ya shiri da zafi. A garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, ɗakin kwano da aka rufe ko motar da aka ajiye a rana sun isa su lanƙwasa faifai cikin yini ɗaya. Wanda ya lanƙwashe kuwa da wuya ya koma daidai.

Ana jera faya-fayai ne a tsaye kamar littattafai, domin idan aka kife su bisa juna nauyi na danne na ƙasa. A nisanta su da taga da bangon da rana ke duka. Ɗakin ƙasa mai kauri ya fi musu ɗakin kwano maras silin.

Ƙurar hunturu na shiga cikin layukan faifan, allura kuma ta riƙa niƙa ta kamar yashi. Ana gogewa da tsumma mai laushi, ana bin zagayen layukan, kuma a riƙe faifai ta gefe da tsakiya, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Da damina laima kan haifar da fumfuna a cikin bango, gara kuma na cin kwali, alhali bangon kansa yana da rabo babba a cikin darajar faifan. Don haka ba a ajiye su a ƙasa.

Tsofaffin faya-fayan garmaho masu juyi 78 ba na roba ba ne. Da wani irin ƙaro ake yin su, suna fashewa kamar tangaran, kuma sinadarin sifirit na narkar da fuskarsu. Akwai kuma kuskuren da ke kashe faifai nan take: a ɗora allurar ƙarfe ta garmaho mai wani a kan faifan roba. Juyi ɗaya ya isa ta share layukan.

Kaset ya fi faifai rauni. Zarensa kan miƙe ko ya manne da zafi, kuma ajiye shi kusa da lasifika na rage masa murya saboda maganaɗisun da ke cikinta. Mafi yawan abin da aka ɗauka na makaɗan yankin Kebbi, irin su marigayi Gambu na Fagada ta ƙasar Maiyama da marigayi Sani Aliyu Ɗandawo, a kaset ya yaɗu, an kwafa daga wani zuwa wani, kuma kowane kwafi na zubar da wani abu na muryar.

Masu aikin adana murya na ba da shawarar a nemi kwafi mafi tsufa kuma mafi lafiya, a juya shi zuwa kwamfuta ba tare da an matse shi ya zama ƙaramin fayil irin na waya ba, a ajiye a wurare biyu, sannan kada a yar da na asalin. A kuma rubuta sunan makaɗi, da wurin da aka ɗauka, da shekarar, da wanda ya ɗauka, tun waɗanda suka sani suna raye. Masu bincike sun san ranar da aka ɗauki kusan kowane faifan Blue Note da sunan duk wanda ya yi busa a ciki, saboda kamfanin na rubutawa a kundi a ranar da aka yi aikin.